Martani: Ƙa'idojin Ƙofar Laburaren Sauti Ba Kwalliya Ba Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa, masanin rubuta manhaja, ya fitar kwanakin baya, inda ya soki tsauraran ƙa'idojin da masu laburaren sarrafa sauti suke gindaya wa ƙofar wajen laburarensu. Ƙofar waje ita ce jerin sunaye da ayyukan da laburare ya buɗe wa sauran masu rubuta manhaja su kira, abin da 'yan sana'ar ke ce wa API. A ganin malamin, waɗannan ƙa'idoji kwalliya ce da riƙon al'adar da zamani ya wuce. Ya ce kwamfutocin yau suna da saurin da ya kawar da tsoron da magabata suka yi. Ya ce harshen C++ na zamani ya fi C tsaro da daɗin rubutu, don haka babu dalilin tsare shi a cikin gida a hana shi fitowa ƙofa. Ya kuma ce gargaɗin da ake rubutawa a saman kowane aiki, cewa a kira shi daga nan kada a kira shi daga can, magana ce kawai wadda inji ba ya karantawa. Ya yi rubutunsa cikin natsuwa, kuma akwai inda ya faɗi gaskiya, zan ambaci wurin in mun iso. Amma a kan ainihin batun ya yi kuskure, kuskuren kuwa ya taso ne daga auna laburaren sauti da ma'aunin sauran manhajoji, alhali nauyin da ke kansa daban ne.

Mu fara da lissafi, domin a nan maganar take. A situdiyon da ke ɗaukar murya a kan samfur 48,000 cikin sakan ɗaya, katin sauti yana karɓar aiki ne ƙunshi-ƙunshi. Idan an saita ƙunshin a kan samfur 128, kowane ƙunshi yana da milisakan biyu da kashi biyu bisa uku, kuma katin zai dawo neman sabo sau 375 a kowane sakan. A cikin wannan ɗan taƙin lokaci dole manhaja ta karɓi abin da makirfo ya kawo, ta bi da shi ta duk fuloginan, wato ƙananan manhajojin sarrafa sauti, da mai haɗa sauti ya jera, ta gauraya shi da sauran kiɗan, ta miƙa wa lasifika. Mawaƙin da ke son jin muryarsa a kunne ba tare da jinkiri ba yakan sa a rage ƙunshin zuwa 64, lokacin ya koma milisakan ɗaya da sulusi. Manhajar buga takarda za ta iya makara da milisakan hamsin, ba wanda zai lura. Manhajar sauti kuwa da ta wuce wa'adinta ko da ƙiris, katin zai tarar babu abin kunnawa, sai a ji ƙas a lasifika, in kuma ɗauka ake yi ɓarakar ta zauna a faifan ke nan. Masu aiki da Linux suna kiran wannan xrun, kuma manhajar QjackCtl tana ƙirga shi a kan allo domin mai aiki ya ga sau nawa aka faɗi.

Saurin da malamin ya dogara da shi matsakaicin sauri ne, sauti kuwa abin da ya dame shi shi ne mafi munin jinkiri. Sau 375 a sakan yana nufin kira 1,350,000 a awa guda. Ke nan matsalar da ke aukuwa sau ɗaya cikin miliyan, wadda a wata sana'ar za a ce ba ta kai a tsaya a kanta ba, a nan za ta riƙa zuwa kowace awa. Ɗauki misalin neman sabon memori a tsakiyar aiki. Mafi yawan lokuta ana samu nan take. Amma wani lokacin sai mai rabon memorin ya koma wa babbar manhajar kwamfuta ya roƙi ƙari, ko ya jira wani zaren aiki da ya riga shi shiga, kuma babu wanda zai iya cewa ga iyakar tsawon jiran. Haka buɗe fayil, haka rubuta saƙo a allo, haka jiran sakatar da wani zare ya sa a kan bayanin da ake buƙata. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari: zare mai ƙaramin matsayi ya sa sakata, wani matsakaici ya zo ya ture shi daga injin kafin ya cire, zaren sauti mai babban matsayi ya tsaya cak yana jiran wanda ba a ba shi damar motsi ba. Irin wannan cikas ne ya riƙa sa kwamfutar kumbon Mars Pathfinder na hukumar NASA tana kashe kanta tana tashi bayan ya sauka duniyar Mars a watan Yulin 1997, har sai da injiniyoyi suka aika gyara daga ƙasa. Ƙarin saurin inji ba ya warkar da wannan, domin zaren da ke jira, ko injin ya ninka sauri sau ɗari, jira yake yi. Ross Bencina, wanda shi da Phil Burk suka kafa laburaren PortAudio, ya rubuta wata sananniyar maƙala a 2011 a kan wannan batu, kuma har yau ita ake fara miƙa wa sabon shiga, saboda abin da ta hana bai canza ba duk da kwamfutoci sun canza.

Wani zai ce to wannan maganar yadda ake rubuta cikin manhaja ce, me ya haɗa ta da ƙa'idar ƙofa? Abin da ya haɗa su shi ne, a harkar sauti, wanda ya buɗe zaren gaggawa daban, wanda ya rubuta abin da ke gudana a cikinsa daban. Laburare shi ke buɗe zaren, sannan ya riƙa kiran aikin da wani baƙo ya rubuta ya ba shi. Manhaja mai masauki irin su Ardour ko Reaper ko Cubase takan loda fulogin ashirin ko talatin daga kamfanoni daban-daban, waɗanda masu su ba su taɓa ganin juna ba, dukkansu su raba milisakan biyu da ɗoriyan nan. Guda ɗaya ya makara, duka sun faɗi. Mutanen nan ba su da wurin haɗuwa sai fayil ɗin da ya bayyana ƙofar. Duk abin da ba a rubuta a can ba, ba a yi alkawarinsa ba. Shi ya sa PortAudio ya faɗa ƙarara cewa a cikin aikin da yake kira kada a nemi memori, kada a taɓa fayil, kada ma a kira sauran ayyukan PortAudio ɗin kansa in ban da wanda ke faɗin nauyin da ke kan inji. Tsarin fulogin na LADSPA, wanda Richard Furse ya fitar a shekarar 2000 a cikin fayil guda, ya tanadi wata alama da fulogin zai ɗaga ya ce shi ya cancanci aikin gaggawa, ya kuma jero sharuɗɗanta: ba ya neman memori ko sakinsa yayin gudu, ba ya jiran komai, kuma lokacin da yake ci yana tafiya daidai da yawan samfurin da aka ba shi. Magajinsa LV2, wanda David Robillard ya daɗe yana kula da shi, ya raba ayyukan ƙofa gida uku, na bincike da na kafawa da na sauti, ya fayyace wanne zai iya gudana tare da wanne. Tsarin CLAP da kamfanonin Bitwig da u-he suka ƙaddamar a watan Yunin 2022 ya ƙara tsanantawa: kusan kowane aiki yana ɗauke da alama a samansa da ke cewa na babban zare ne, ko na zaren sauti, ko ana iya kiransa daga ko'ina. Shekara ashirin da biyu ne tsakanin LADSPA da CLAP, kwamfutoci sun yi ta ninka sauri a tsakani, amma ƙa'idar ƙaruwa ta yi. Da hujjar malamin ta tsaya, da mun ga tana sassautawa.

Rabon aikin ma yana bayyana a siffar ƙofar kanta. A CLAP, aikin kunna fulogin ana kiransa ne daga babban zare, ana gaya masa yawan samfur a sakan da mafi girman ƙunshin da za a taɓa ba shi, domin ya tanadi duk memorin da zai buƙata tun kafin a shiga gaggawa. A laburaren JUCE ma haka ne, akwai aikin shiri daban, akwai na sarrafa ƙunshi daban. Wanda ya ga wannan rabo ya ce ado ne bai tambayi kansa ba: in an haɗe su, a ina fulogin zai nemi memorinsa?

Ga inda na yarda da malamin. Yawan gardamar da ake yi a kan ko baka za ta zauna a ƙarshen layi ko a sabon layi, ko za a tura rubutu da tazara biyu ko huɗu, ko za a haɗa kalmomi da babban baƙi ko da ɗan layi a ƙasa, ɓata lokaci ne. PortAudio yana rubuta Pa_OpenStream, laburaren JACK yana rubuta jack_client_open, salo biyu mabambanta, kuma kowannensu ya haura shekara ashirin yana aiki. Amma a lura da abin da suka yi tarayya a kai: kowane suna yana ɗauke da ɗafa-goshin gidansu. A laburaren ALSA snd_ ne, a CLAP clap_ ne. Wannan dole ce ta kawo shi. Harshen C ba shi da hanyar killace sunaye, kuma duk fuloginan da mai masauki ya loda suna zaune ne a fili guda na memori. Idan biyu daga cikinsu suka fitar da aiki mai suna iri ɗaya, a tsarin Linux mai haɗa sunaye yana iya kai kiran wannan zuwa aikin wancan, manhaja ta rushe ba tare da wani ya rubuta layi ɗaya ba daidai ba. Don haka aka yi ƙa'idar ɓoye komai a bar abu guda a waje: ladspa_descriptor a LADSPA, lv2_descriptor a LV2, clap_entry a CLAP. Mace a cikin gidanta tana iya awon hatsi da duk kwanon da ta ga dama, amma in ta kai kasuwa sai mudun da kowa ya sani. Malamin ya ɗauki 'yancin da ke cikin gida ya nemi a shimfiɗa shi a kasuwa.

Sai batun da ya fi ɗaukar masa hankali, wato me ya sa za a tsaya kan C. Amsar tana cikin abin da ke faruwa bayan kwamfaila ta juya rubutu zuwa yaren inji. Fulogin da aka gina a wani kamfani a 2016 dole ya yi aiki a cikin mai masaukin da aka gina a wani kamfanin a 2024, da wata kwamfaila daban. Hakan ba ya yiwuwa sai ɓangarorin biyu sun yarda a kan yadda kowane bayani yake kwance a memori. A C, kowane tsarin kwamfuta yana da tsayayyar yarjejeniya a kan haka. A C++ kuwa, kayan da malamin yake so a fitar ƙofa, irin su std::string da std::vector, kwanciyarsu ta dogara ne da wanda ya rubuta laburaren harshen da kuma wace fitowa ce. Wannan ya faru a zahiri. Lokacin da GCC 5 ta fito a 2015, an sauya cikin std::string da std::list domin su dace da dokokin C++11, har sai da aka riƙa ɗauke da tsari biyu a lokaci guda, kuma manhajojin da suka miƙa wa juna waɗannan kaya ta ƙofa suka ƙi haɗuwa. Kwamfailar Microsoft ta daɗe tana karya wannan daidaito daga babbar fitowa zuwa wata, sai daga Visual Studio 2015 aka tsayar da shi. Laburaren da ƙofarsa C ce ya ratsa duk wannan ba tare da ya ji ba. Abin lura kuma shi ne VST3 na kamfanin Steinberg da ke Hambug, wanda masu ra'ayin malamin kan kafa hujja da shi cewa ga ƙofar C++ tana aiki. Gaskiya ne da C++ aka rubuta shi, amma a duba irin C++ ɗin. Ya kwaikwayi tsarin COM na Microsoft, sunaye da rubutu suna wucewa ne a jerin haruffa mai ƙayyadadden tsawo, yawancin ayyuka suna mayar da lambar nasara ko kuskure, ba a miƙa kayan laburaren harshen ta ƙofa. Wato sai da Steinberg ya ɗaure C++ da ƙa'idoji masu tsauri kafin ya bar shi ya fito. Shaidar da aka kawo don rushe ƙa'ida ita kanta ƙa'ida ce ta riƙe ta.

Hanyar jefa kuskure ta C++ ma, wadda malamin ya ce ta fi duba lamba bayan kowane kira tsafta, tana da matsala biyu a nan. Jefawar kanta takan nemi memori, ta kuma ci lokacin da ba a san iyakarsa ba, don haka ba ta da wuri a zaren sauti. Sannan in ta tsallaka daga fulogin zuwa mai masaukin da aka gina da wata kwamfaila, ko aka rubuta da wani harshe, ba wanda ya san abin da zai biyo baya, galibi dai rushewa ne tare da aikin da mai haɗa sauti bai adana ba. Haka batun wa zai saki memori. A Windows, laburare da manhajar da ke kiransa suna iya kasancewa da masu rabon memori daban-daban, kuma sakin abin da ɗayan ya ware ta hannun ɗayan yana lalata komai. Dalilin da ya sa JACK ya tanadi jack_free ke nan, ya ce jerin da ya ba ka ka mayar masa ta nan. Ƙa'idar cewa wanda ya ware shi zai saki an koye ta ne daga manhajojin da suka riga suka faɗi.

Hujjar da na ga ta fi kowace ƙarfi ita ce tarihin JACK. Paul Davis da abokan aikinsa suka fara shi a farkon shekarun 2000 da harshen C. Mai kiransa ba ya ganin cikin jack_client_t. Rufaffen mariƙi ne kawai ake ba shi, ya riƙe, ya mayar a duk kiran da zai yi. Daga baya Stéphane Letz ya sake rubuta injin gaba ɗaya da C++ domin ya yi amfani da kwamfuta mai ƙwaƙwalwa da yawa, abin da aka sani da JACK2, kuma manhajojin da aka gina don na farko suka ci gaba da aiki a kan na biyu. Sannan Wim Taymans na kamfanin Red Hat ya gina PipeWire, wanda tsarinsa na ciki ya sha bamban da duka biyun, ya sa masa laburaren da ke amsa kiran JACK. Da Fedora 34 ta mayar da PipeWire ginshiƙin sautinta a 2021, manhajojin JACK suka hau sabon injin ba tare da an sake rubuta su ba. Inji uku ke nan a bayan ƙofa guda. Da a ce tun farko an bar masu kira suna leƙa cikin jack_client_t suna taɓa abin da ke ciki kai tsaye, kamar yadda malamin ya ce zai fi sauƙi, da kowane canji na ciki ya karya kowa. A kuma lura, JACK2 da C++ aka rubuta shi. Babu wanda ya hana kowa harshen da yake so a cikin gida. Tsaurin ƙofar ne ma ya ba Letz da Taymans 'yancin rushe ciki su sake gini.

Malamin ya ambaci JUCE, wanda Jules Storer ya fitar a 2004, a matsayin laburaren sauti mai ƙofar C++ da dubban fulogin suka dogara da shi. Misali ne mai kyau, amma yana nuna akasin abin da aka kawo shi don shi. JUCE ana haɗa rubutunsa ne da na mai fulogin a gina su tare da kwamfaila guda, don haka matsalar kwanciyar bayani ba ta taso ba. Da fulogin ya zo gamuwa da mai masauki, JUCE yana sa masa rigar VST3 ko Audio Unit ko LV2 ne, a nan kuwa tsauraran ƙa'idoji sun dawo. Google ma haka ya yi a Android. AAudio, wanda ya zo da Android 8 a 2017, ƙofar C ce mai rufaffun mariƙai, domin ita ce za ta zauna a cikin waya shekara da shekaru tana amsa manhajojin da ba a ma rubuta ba tukuna. Oboe kuma laburaren C++ ne da mai manhaja ke ginawa a cikin manhajarsa, yana lulluɓe AAudio da tsohon OpenSL ES. Darasin a fili yake: inda abubuwan da aka gina daban-daban za su haɗu, a tsananta, a samansa kowa ya yi shimfiɗar da ta yi masa daɗi. Wannan tsari ne kuma ya sa mai rubutu da Python yake iya kunna sauti ta PortAudio da PyAudio ko sounddevice, mai rubutu da Rust yake iya gina fulogin CLAP. Kusan kowane harshe ya san yadda zai kira C. Ƙofar da aka cika da kayan C++ ta rufe wa waɗannan duka.

Ba zan ɓoye cewa akwai tsada ba. Ƙofar C tana da yawan rubutu. Mai kira yana iya manta sakin abin da ya karɓa, yana iya miƙa mariƙin da ya riga ya mutu, kuma bayanin da ake ratayawa a mariƙi marar nau'i kwamfaila ba ta iya duba shi. Waɗannan kurakurai na gaske ne. Sai dai maganinsu shi ne siririyar shimfiɗa a sama, irin Oboe, wadda ake rubutawa sau ɗaya kowa ya amfana. Karyewar daidaito kuwa ba ta da irin wannan magani, domin tana aukuwa ne a kwamfutar mai amfani, shekaru bayan an sayar masa da fulogin, wataƙila ma kamfanin da ya yi shi ya rufe.

Saura zancen cewa gargaɗin da ke saman aiki inji ba ya karanta shi. Shekaru da yawa haka abin yake, amma ko a lokacin gargaɗin yana da amfani, domin shi ne ke raba gardama. In fulogin ya rushe mai masauki, ana komawa fayil ɗin a ga wa ya saɓa, gyara ya tafi inda ya dace. Inda ba a rubuta komai ba, kowane ɓangare yakan yi ta ɗora faci don kauce wa halin ɗayan. Yanzu kuma maganar ta wuce nan. CLAP yana da ƙarin da fulogin zai tambayi mai masauki da shi ko a wane zare yake. Akwai manhajojin gwaji irin su pluginval na kamfanin Tracktion da clap-validator, masu matsa wa fulogin su ga ko ya cika alkawarinsa. Kwamfailar Clang, daga fitowa ta 20 a 2025, ta zo da RealtimeSanitizer: a yi wa aiki alamar cewa ba ya jira, idan a cikin gudu ya nemi memori ko ya tsaya a sakata, a tsayar da manhajar a nuna layin da laifin yake. Wannan kayan aiki an iya gina shi ne saboda 'yan sana'ar sun shafe shekaru suna rubuta dokar da hannu har ta zama abu guda da kowa ya sani. Inji yana iya tsare dokar da aka rubuta, wadda ba a rubuta ba kuwa babu abin da zai tsare.

Tsoron da malamin ya rufe maƙalarsa da shi, cewa daskarar da ƙofa yana hana ci gaba, tsoro ne mai dalili, amma an riga an yi masa tanadi. LV2 da CLAP suna barin gindin ƙofar ƙarami, kowane sabon abu ya zo a matsayin ƙari mai sunansa, mai masauki ya tambayi fulogin ko ya san shi, in bai sani ba a wuce. PortAudio yana sa lambar fitowa a cikin tsarin bayanan da yake miƙawa domin mai karɓa ya san wane iri ne a hannunsa. Wanda ke son ganin tsadar karya ƙofa ya dubi VST. Steinberg ya fitar da VST3 a 2008 ba tare da ya dace da VST2 ba. Shekara goma bayan haka masu fulogin da yawa ba su ƙaura ba, har kamfanin ya daina ba da lasisin VST2 a watan Oktoban 2018, ya kuma sanar a 2022 cewa zai janye goyon bayansa daga manhajojinsa. Kamfanin da ya ƙirƙiro tsarin da kansa ya shafe fiye da shekara goma yana jan mutane daga tsohuwar ƙofa zuwa sabuwa. Ƙaramin laburare da 'yan sa-kai ke kula da shi ba shi da wannan ƙarfi, in ya karya ƙofarsa masu amfani da shi tafiya za su yi.

Wannan magana ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Mai haɗa kiɗan waƙar fim a Kano ko Kaduna da ke aiki da FL Studio ko Cubase, da ma'aikacin gidan rediyo da ke gyara hira da Audacity, wadda ta PortAudio take magana da katin sauti, da matashin da ke ɗaukar karatu ko waƙa da wayar Android, dukkansu a kan waɗannan ƙofofi suke tsaye ko da ba su taɓa jin sunansu ba. Da yawansu da tsofaffin kwamfutoci suke aiki, da fuloginan da aka gina shekaru da suka wuce. Su ne farkon waɗanda sakaci a zaren sauti zai fara cutarwa, domin injinsu ba shi da rarar da za ta rufe ɓarna, kuma su ne ba za su iya sayen sabon komai duk lokacin da wani ya ga damar sauya ƙofa ba. Shawarar a sassauta saboda kwamfutoci sun yi sauri shawara ce da ta ɗauka kowa yana da sabuwar kwamfuta.

Don haka ina kira ga malamin, da matasanmu da suka fara rubuta manhajar sauti, su buɗe fayil ɗin plugin.h na CLAP da portaudio.h na PortAudio, duka biyun kyauta ne ga kowa, su bi su aiki bayan aiki, a kowanne su tambayi kansu wane zare ne zai kira shi, wa ya mallaki memorin da ke wucewa, kuma me zai faru in an sauya shi bayan shekara biyar. In malamin ya samu ƙa'ida guda a cikinsu da za a cire ba tare da ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta rasa amsa ba, ya rubuto ya nuna mana ita.